Barcin Baban Yasmin a Gindin Dutse

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na haɗa akwatina na tura ƙarƙashin gado. Ba wanda ya sani sai wana, Yaya Yazid. Tun Juma'a na gaya masa a waya: na gaji, zan ɗauki Yasmin mu tafi Baure wurin Umma, kuma ban sa ranar dawowa ba.

Tun da masu garkuwa suka sako Baban Yasmin, gab da Babbar Sallah, ban ga ya yi barcin kirki ba. Ya kwanta, ya zabura, ya fita tsakar gida ya yi ta zagaye har a kira assalatu. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an kai shi asibiti a Katsina an ba shi ƙwayoyi, duk kamar an shuka dusa. Abinci rabi yake ci ya ture rabi gefe, in na zo ɗaukewa ya bi ni da wani irin kallo. Yasmin ta daina zuwa kusa da shi. Makon jiya na taɓa ƙafarsa zan gyara masa lulluɓi, ya hankaɗe ni goshina ya daki bakin gado. Ya yi kuka daga baya.

Sai ga Yaya Yazid yau daga Abuja, mota cike da kaya. Wai tanti. Shi da abokansa kowace Asabar suna hawan duwatsu suna ɗaukar hoto, shi ke nan ya zama likita. Ya ce ya san wani dutse can bayan Zango, shiru, ba abin da ke faruwa a wurin. "Ba ni mako guda, Khairu. Mijinki Mahdi iska yake buƙata." Dariya ta kama ni, irin mai ciwon nan. Mutumin da ya yi wata da watanni a daji hannun azzalumai, shi za a mayar daji hutu?

Na yarda. Ba don na sa rai ba, don kada gobe a ce ban gwada ba.

Iya, mahaifiyarsa, ce za ta riƙe Yasmin. Da na kai mata ita ta dube ni ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ban san wa ya gaya mata ba. Wataƙila goshina ta gani.

Litinin, 14 ga Oktoba

Mun iso. An bar kwalta tun bayan Zango, sai burji, sai hanyar amalanke. Ko'ina ana girbin gero, dammuna a jingine a gonaki. Dutsen ba wani dogo ba ne, manyan duwatsu ne suka hau kan juna, ga wata tsohuwar kuka a gindinsu.

Muka fara zuwa gaida mai unguwa. Sau nawa yana tambayar Yaya Yazid abin da ya kawo mu, shi kuwa yana cewa shan iska. Dattijon ya ce, "To Alhaji, ta garinku ƙarewa ta yi?" Duk da haka ya ce mu zauna, zai sanar da 'yan banga kada su gan mu su yi mana wani zato.

Yaya Yazid ya sha fama da tantin, yana duba takarda yana juya ƙarafa. Baban Yasmin na tsaye kamar ba da shi aka zo ba. Can ya ce, "Ba nan ba. A juya wa dutse baya." Maganar da ta fi kowace tsawo da na ji daga bakinsa a makon nan ke nan.

Ɗan risho mai gas ɗin da aka taho da shi daga Abuja ya ƙi kamawa. Kafin mu gama gardama, Baban Yasmin ya tsuguna ya haɗa wuta da kara da busasshen kashin shanu, ƙarama, wadda ba ta hayaƙi sosai. Mutumin da a da ko shayi ba ya iya dafawa. Na tsaya ina kallon hannuwansa, sun koyo abubuwan da ban san su da su ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Da hantsi wata tsohuwa ta zo daga ƙauyen da ƙwaryar fura da ɗan ƙullin gari. Sunanta Nagoggo. Ta ajiye, ta zauna, ta yi mini jaje.

"Daga wane gari aka koro ku, 'yar nan?"

Na ce ba koro mu aka yi ba, Inna, daga Daura muke, hutu muka zo. Ta girgiza kai. "Ba abin kunya ba ne. Bara ma wasu sun zo daga yamma, nan suka yi bukka, har da mai jego." Na rantse mata muna da gida, da rufin kwano, da famfo. Ta dubi tantin, ta dubi Yaya Yazid da gajeren wandonsa da hular rana, sannan ta dubi Baban Yasmin da ya jingina da dutse ya miƙe ƙafar hagu.

Ta ce, "Ku biyun nan ban sani ba. Amma wancan dai koro shi aka yi."

Na karɓi furar. Ya zan yi?

Da yamma babura suka wuce ta hanyar amalanke, masu dawowa daga kasuwa ne, da buhuna da awaki. Kafin in waiga Baban Yasmin ya kwanta rub da ciki a bayan dutse, hannu a ƙeya. Sun daɗe da wucewa yana nan a haka. Yaya Yazid ya mayar da wayarsa aljihu, bai ƙara ɗaukar hoto ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Bai yi barci ba. Ni ma haka. Sauro kaɗai ke hutu a wurin nan.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Bari in rubuta.

Bayan azahar Yaya Yazid ya matsa mini in hau dutsen, wai in na ga ƙasa daga sama zuciyata za ta yi sanyi. Na hau. Na ga gonaki, na ga shanu, na ga hasumiyar waya can nesa. Zuciyata tana nan yadda take. A can saman ya ce mini mai yiwuwa ya yi kuskure, gobe mu tattara. Na ce masa ai dama na faɗa. Na ƙara da wasu maganganun da bai kamata in gaya wa yayana ba.

Muna saukowa muka ga tantinmu ya karkace, gefe ɗaya ya zube. An kwance igiya ɗaya. Baban Yasmin ba ya ciki. Wallahi abin da ya fara zo mini a rai shi ne reshen kukar nan. Na ruga ina salati, takalmina ɗaya ya fita ban tsaya ba.

Yana kwance a inuwar dutse, a kan ƙasa, ko tabarma babu. Barci yake yi. Barci na gaske, baki a buɗe, har da minshari. Ya ɗaure idon sawunsa na hagu da igiyar tantin, ya ɗaure ɗaya bakin a jikin wani kututture.

Yaya Yazid ya ciro wuƙa zai yanke. Na riƙe masa hannu. Ban san dalili ba, na dai riƙe.

Muka zauna muna kallonsa kamar masu gadin gawa. La'asar ta wuce ban tashe shi ba, Allah ya yafe mana. Sai dab da magariba ya farka, ya gan mu, ya kwance igiyar a hankali ya naɗe ta, bai dubi kowa ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ba mu tattara ba. Yaya Yazid ya tafi Zango masallaci. Baban Yasmin ya ce ba zai iya shiga taro ba.

Ina wanke kwanuka ya zo ya tsuguna nesa da ni kaɗan, yana kallon ƙasa. Ya fara magana. Ba a jere ba, guntu-guntu, ni ce nake haɗawa.

Wai bibbiyu ake ɗaure su, sarƙa ɗaya da kwaɗo, ƙafar wannan da ta wancan. Nasa abokin ɗaurin Badaru ne, wani mai fataucin shanu daga Mai'adua, mai yawan barkwanci. Kwano ɗaya ake ba su, rabi da rabi. Tare suke zagayawa, tare suke sallah, in ɗaya ya yi sujada dole ɗayan ya bi. "In sarƙa ta motsa na san yana da rai. In yana da rai, ni ma ina da shi. Sai in yi barci."

Zazzaɓi ya kama Badaru da damina ta fara. Ba magani. Wata safiya sarƙar ba ta motsa ba. Mai makullin kuma ya yi tafiya, sauran suka ce sai ya dawo.

Na tambaye shi kwana nawa. Ya ce bai ƙirga ba. Ya ce kwanon dai an ci gaba da kawowa, shi kuma ya ci gaba da ajiye rabin.

"Tun da aka kwance ni ƙafata ba ta da nauyi, Khairu. In na rufe ido sai in ji ba kowa a ɗaya gefen." Ya ce kututturen ba ya motsi, amma ya fi babu.

Na je bayan dutse na amayar da duk abin da na ci. Na yi kuka don shi, na yi don wannan bawan Allah da ban taɓa gani ba. Sannan, tunda ba mai karanta wannan sai ni, haushi ya kama ni. Wata nawa ina kwance a gefensa, ina numfashi, ina juyi, ya ce ba kowa a ɗaya gefen. Kututture ya fi ni. Na san ba daidai ba ne in ji haka, amma haka na ji.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ya sake yin barcinsa bayan azahar, a wuri ɗaya, da igiyarsa. Yau bai jira mun kauce ba.

Nagoggo ta zo karɓar ƙwaryarta ta tarar da shi haka. Na shirya ƙaryar da zan yi mata. Ba ta tambaya ba. Ta sunkuya ta duba ƙafar ta ce, "A riƙa naɗa masa tsumma ta ƙasa, kada ta ci masa fata." Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Yaya Yazid kuwa ransa a ɓace. Ya ce wannan ciwo ne, ba magani ba, kada in kuskura in bari ya saba, a koma wurin likita a gaya masa komai. Gaskiya ya faɗa, za a koma. Ya kuma ce maganar Baure tana nan, shi da kansa zai kai ni Litinin kafin ya wuce Abuja, ba wanda zai ga laifina.

Da yamma Baban Yasmin ya ce, yana tura kara cikin wuta, "Ku tafi ku bar ni a nan. Kin huta, Yasmin ta huta." Ashe ya san da akwatin.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Mun tattara. Bai yi gardama ba, ya shiga mota kamar wanda aka ce wa shiga. Har muka sha kwana yana waiwayen inuwar dutsen.

Mai unguwa ya tambaya ko mun ƙoshi da iskar. Nagoggo ta riƙe hannuna ta ce Allah ya mayar da mu gidanmu lafiya. Har yanzu ba ta yarda ba.

Yaya Yazid ya yi ta neman igiyar tantinsa ɗaya, ya zazzage jaka, ya duba cikin ciyawa, wai ba a sayar da ita ita kaɗai. Na taya shi nema.

Litinin, 21 ga Oktoba

Yaya Yazid ya zo da safe ya yi ta hon a ƙofar gida. Na leƙa na ce ba yau ba, ina da wanki.

Laraba, 23 ga Oktoba

Yasmin ta dawo daga wurin Iya. Ina yi mata wanka ta nuna idon sawuna na dama ta ce, "Mama, me ya yi miki zobe a nan?" Na ce sauron daji ne.

Akwatin yana nan ƙarƙashin gado, ban kwance shi ba. Tsohon ɗankwali ɗaya kawai na zaro, na raba shi biyu. Maganar Nagoggo gaskiya ce, igiyar nan tana cin fata.

Jiya da yau sai da na tashe shi sallar asuba. Ni ce dai ba na samun barci sosai, don sai na riƙa ɗan motsa ƙafar lokaci-lokaci. In na manta sai in ji numfashinsa ya canza.

Ba wai ya warke ba. Babur ya tsaya a ƙofar maƙwabta ɗazu, ya shige bayan randa. Har yanzu bai ɗauki Yasmin ba. Mun sa ranar komawa Katsina. Umma ta kira ta ce yaushe, na ce zan kira ta.

Da rana na kai masa tuwo. Ya ci rabi ya tsaya, kamar kullum. Na miƙa hannu zan ɗauke, sai ya turo kwanon gabana, bai ɗago kai ba.

Na san rabon waye. Na wanke hannu, na yi bismillah, na ci.