Rubutun da ya fito a baibai

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, amma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Matarka Asabe da yara suna lafiya. Albasa ta yi kyau bana a Aliero. Ni dai ƙafa ta ƙi, sai da sanda nake kai kaina shagonka na buga takardu da ke Sabon Garin Jega, wanda na buɗe bayan sadakar arba'in don kada gidanka ya rasa abin sa wa a tukunya. Malama Kulu, mai buga takardu a sakatariya, takan zo da la'asar ta zauna gaban kwamfutarka, ni kuwa in duba kurakurai.

Aikinmu na farko takardun jarrabawa ne na makarantar Mungadi. Ranar nan Malama Kulu tana sauri, ta ba firinta, injin fitar da rubutu, umarni ta tafi. Na karanta shafi shafi, ban ga kuskure ko ɗaya ba, na ɗaure na aika. Kwana biyu sai ga hedimasta a kan babur, ransa a ɓace, yana tambaya ko da madubi yaransa za su shiga aji. Ashe duk rubutun a baibai ya fito! Shekara talatin na yi ina jera haruffan dalma a gidan ɗab'i a Zariya, su kuwa a baibai ake karanta su. Idona bai ga wani abin mamaki ba.

Mun canza wayar firinta, mun girgiza tawada, a banza. Jarrabawa kuma ranar Litinin ce, in muka saɓa, wa zai sake kawo mana aiki? Jiya Malama Kulu ta shiga cikin kwamfuta, wurin saiti da kuke kira direban firinta, ta tarar da ɗan akwati da ka sa wa alama, mai juya shafi kamar madubi. Nan take na gane. Aikinka na ƙarshe a kan takarda mai shara-shara ka fitar da shi, wadda ake kifawa a kan fileti, farantin ƙarfen injin ɗab'i. Dole a juya rubutu don tawada ta taɓa ƙarfe. Abin da nake yi da yatsu ne kake yi da wannan akwati.

Sau nawa na ce maka wannan ba sana'a ba ce, wasan yara ne? Sau nawa ka jawo mini kujera in zo in gani, na wuce masallaci? Me zai rage ni da na zauna? Sana'ata ka gada, Sanusi, ban taɓa faɗa maka ba. Ka yafe mini.

Dole a cire alamar yau, yaran Mungadi na jira. Amma ita ce abu na ƙarshe da hannunka ya taɓa a shagon nan, don haka na roƙi Malama Kulu ta fara buga wannan wasiƙa tukuna. Za ta fito a baibai. A duk Jega ni da kai ne kaɗai ke iya karanta ta ba tare da madubi ba.

Sai na iso.

Mahaifinka,
tsohon mai jera haruffa