Rabin Albasa

Zuwa ga yayana Ibram, a Gure.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da Yakura da yara. Ni lafiya lau nake a Marsai. Sanyin Faransa ya cinye mini yatsun ƙafa biyu, amma sauran suna aiki.

Tun da aka sallame ni daga soja nake ɗaukar wa wata Baturiyar Ostiraliya kaya. 'Yar wasa ce. Kullum mijinta na wasa yakan mutu a gaban jama'a, ta yi ta kuka ana tafa mata. Ni ke yanka albasar da take ɓoyewa a ƙyalle.

Saƙon rasuwar Baba ya iso, Allah ya ji ƙansa. Ka ce Inna tana tambaya ko na yi kuka. Na zauna jiran hawaye, sai na tuna ranar da masu kamun soja suka zo, Baba ya ɓoye ka a rumbu, ya tura ni ƙofa.

Ka gaya wa Inna na yi kuka sosai. Rabin albasa ya ishi Baba. Ɗaya rabin na ajiye maka.

Ƙanenka,
Ila