Sabis a Tagar Ɗakinki

Sabuwa, ranar Asabar.

Hajiya,

Assalamu alaikum. Yau gwiwar ta ɗan lafa, tarin ma da sauƙi, har kunu na sha kofi biyu. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba. Amma wa zan ba labari in ba ke ba?

Autarki Binta ta aiko mani da saƙo daga Kaduna ta hannun direba: wani ɗan farin akwati mai kama sabis, da wani ɗan abu kamar babban yatsa da ake soka wa tsohuwar kwamfutar da ta bari nan. Ta ce tunda hanya ta hana ta zuwa yadda take so, ko ba komai mu riƙa ganin juna. Ban kira kowa ba. Na sa tabarau, na bi takardar da Turancinmu na elemantare, na sa sim, na jona caji. Fitila ta kama, amma ja. Ja kuwa, in ji takardar, babu sabis ke nan.

Na kai shi zaure, ja. Na kai gindin rumbu, ja. Na ɗora kan katanga har na kusa faɗuwa. Kwana biyu ina yawo da akwati kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Wuri ɗaya ya rage, ɗakinki, wanda ban buɗe ba tun ranar da aka fita da ke, damina biyu ke nan. Na daɗe tsaye da makulli a hannu. Kin san har yanzu labulen na ƙamshin turarenki? Ina ajiye akwatin a tagar da kike shanya kuɓewa, sai fitila ta koma kore.

Daga nan kwamfuta ta ce in zaɓi kalmar sirri wadda ba zan manta ba. Hajiya, shekara hamsin da ɗoriya ban taɓa kiran sunanki ba, ke ma ba ki kira nawa ba. Haka muka taso, kunya ce. Amma kin san sau nawa ya zo mani baki na haɗiye? Na rubuta shi da yatsa ɗaya, ina faɗa a fili, ni kaɗai cikin ɗaki.

Da na danna kira, sai ga fuskar Binta a gilashin kwamfuta, riƙe da jaririya mai sunanki wadda ba ki gani ba. Goshinki ta ɗauko sak. Binta ta hango kwanoninki a bayana, ta goge ido, sannan ta yi dariya.

Yanzu nan nake karyawa kullum, ƙofar a buɗe.

Jiya ce ranar da Binta ta ce za ta zo. Na share tsakar gida, na zauna zaure har la'asar. Ba ta zo ba, direbobi sun ce hanya ba lafiya. Ban ji haushi ba. Gara in gan ta a gilashi tana lafiya.

Allah Ya haskaka kabarinki, Rakiya. Sai na iso.

Naki,
Malam