Ranar da Baffa Ya Zare Wayar Na'urarka

Zuwa ga Yayana Sadiƙu,

Aminci da rahamar Allah su sauka a makwancinka. Ƙanwarka Rabi ce, wadda kake cewa taurin kanta sai addu'a. Ban canza ba, yanzu ma gidan kaf sun shaida.

Ka san abin da ka bari a ɗakinka na soro: kwamfutar nan da kake kira dillali. In ƙaramin asibiti a Gwale ya rasa jinin da zai ƙara wa mai naƙuda, ya turo saƙo, sai dillali ya riƙe shi a layi har ya kai shi wayar masu ba da jini. In kwamfutar ta mutu, saƙon ya mutu, watakila har da matar.

Bayan sadakar bakwai, Baffa Alhaji ya sa wa ɗakin kwaɗo. Wai kayan mamaci ba a taɓa su sai an raba gado, kuma ranar rabo za a kashe kwamfutar a fito da ita tsakar gida tare da firij da babur. Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya ce al'ada ba ta san kwamfuta ba.

To, ban taɓa ƙofarsa ba. Makulli yana aljihunsa, amma lambobin sirri suna kaina, kai ka haddatar da ni. Daga ɗakina na shiga na'urar ta intanet. Na samo wasu biyu, ɗaya a ofishinmu, ɗaya a ɗakin gwajin jinin ƙawata a Jakara, na haɗa su da taka su zama kulasta, wato rukunin na'urori masu aiki tare. Da farko sun ƙi gane juna, kowace ta kama gabanta kamar masu gaba. Sai da na daidaita musu mabuɗin sirri guda, na koya wa kowace sunan 'yan uwanta, sannan suka shirya. Yanzu duk saƙon da ya shigo sai an kwafe shi a sauran kafin a ce an karɓa.

Da labari ya kai wa Baffa, sai ya sauya magana: in ma za a ƙara, a kawo su cikin gida, dukiyar gida ba ta kwana a waje, kuma biyu ai sun isa. A gaban maza na ce masa a'a. Gida ɗaya layin wuta ɗaya ne, ana ɗauke wuta duk su mutu tare. Na kuma maimaita masa abin da kake faɗa mini, cewa in na'ura biyu suka daina jin juna kowace sai ta ɗauka ita ce shugaba, ta ukun ce ke kawo rinjaye. Aka ce na yi wa babba rashin kunya. Na karɓa, kuma ban ba da haƙuri ba.

Ranar Asabar aka yi rabon. Baffa da kansa ya zare wayar. Ina tsaye a bakin soro da wayata a hannu, na ga sunanka, wanda na'urarka ke amsawa a kulastar, ya koma ja. Sauran biyun suka zaɓi shugaba, aiki ya ci gaba. Ana cikin ciccibar kwamfutarka saƙon neman jini ya shigo daga Gwale, ya wuce lafiya lau. Kafin la'asar an samu mai bayarwa.

Yaya, ba wanda ya lura ka fita. Abin da na yi ta faɗa a kansa ke nan, kuma shi ne ya sa ni kukan da ban yi ba ranar jana'izarka.

Kwamfutar ta faɗa a rabon Baffa, ya yi yadda ya so da ita. Gobe zan saka sabuwa a gurbinta, kuma dole in goge sunanka daga kulastar. Ƙawata ta ce bari ta yi mini. Na ƙi. Da hannuna zan yi.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa duk saƙon da ya isa ya zame maka sadaka mai gudana.

Taka har kullum,
Rabi