Rubutun Fensir a Gefen Shafi na 212

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Ma'adanar Tsofaffin Takardun Hukuma.

Daga:
Mai riƙe da katin ɗakin bincike mai lamba 0417.

3 ga Yuni, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ROƘON DAKATAR DA ZUBAR DA RAJISTAR HAIHUWA TA 1961 (KUNDI NA BIYU)

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman afuwa bisa ɗaukar lokacinka. Ni ce wadda ke zama a kujerar kusa da taga duk ranar Alhamis da yamma, wadda ma'aikatanka ke kira Malama Shiru. Ban yi fushi da sunan ba. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, kuma yammacin Alhamis kaɗai nake samu.

Mahaifina ya rasu bara, mahaifiyata ta riga shi da shekara shida, ni kaɗai suka haifa. Shi kuma bai san iyayensa ba. Matar wani direba ce ta raine shi, abin da ta iya gaya masa kawai shi ne mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa a tsohon asibitin haihuwa, a 1961. A cikin akwatinsa na tarar da katin asibitin, lambarsa ta kusa gogewa. Da shi na fara zuwa nan a watan Oktoba. Ga ƙorafina:

1. Ranar Alhamis, 22 ga Fabrairu, 2024, da misalin ƙarfe huɗu saura minti uku, na samo mahaifina a wannan kundi, shafi na 212, layi na tara. Namiji, lafiya lau, uwa ta rasu, gurbin sunan uba babu komai. A gefen shafin, wajen jan layi, ungozoma ta yi wani ƙaramin rubutu da fensir, layi biyar. Na karanta biyu: "Biyu ne. Macen an ba wa matar mai". Sai aka buga ƙararrawar tashi. Mai kula da ɗakin ya zo ya rufe littafin a gabana, ya ce sai wani makon. Ba na ɗora masa laifi, lokacinsa ya bi. Da na ce ya ƙara mini minti ɗaya, ina jin zai ƙara. Na buɗe baki, na ga mutane biyu suna jira a ƙofa da jakunkunansu, sai na ce masa na gode. Wannan laifina ne, na rubuta shi ne don bayanin ya cika.

2. Ranar 29 ga Fabrairu na dawo, aka ce an kwashe rajistocin shekarun sittin zuwa ɗakin ɗaukar hoto domin a zuba su a kwamfuta. Babu sanarwar da aka manna kafin hakan. Na ci gaba da zuwa kowace Alhamis har mako bakwai. Mai kula da ɗakin ya tambaye ni cikin raha ko gado ake nema, in kuwa an samu kada a manta da shi. Na yi murmushi, don ban san yadda zan ce masa mutum nake nema ba.

3. Ranar 18 ga Afrilu aka nuna mini hoton shafin a kwamfuta ta uku. An yanke gefen. Abin da ya rage na rubutun fensirin shi ne farkon kowane layi: "Biy", "ba w", "gya", "a ba", sai wani harafi da ban gane ba. Ranka ya daɗe, "gya" na iya zama mai gyaran agogo, ko keke, ko takalmi, ko ma mai gyaɗa. "A ba" na iya zama a bayan tasha, ko a bakin kasuwa, ko a bayan asibitin kansa. Na cika shafi huɗu na littafina da irin wannan hasashe. Da na yi wa jami'in ɗaukar hoton magana, ya ce umarnin da aka ba su shi ne su kama abin da ke cikin layi, abin da ke wajen layi ba bayanin hukuma ba ne. Cikin ladabi nake cewa ma'aikaciyar hukuma ce ta rubuta shi, a littafin hukuma, a bakin aikinta. Tsarin rajistar ne bai ba ta gurbi ba.

4. Na nemi ganin ainihin littafin, aka ba ni Fom na 6. Sashe na uku yana buƙatar sa hannun ɗan'uwa na jini wanda ya girmi mai nema. Na shaida wa akawun da ke karɓar fom cewa ba ni da shi. Ta ce kowa yana da wani, in je gida in tambaya. Na je gida. Ɗaki ɗaya ne da ƙaramin kicin. Matar da nake haya a gidanta ta ce in kawo ta sa hannu, wa zai bincika. Na gode mata, amma ban yarda ba, domin ba na son in nemi asalina da takardar ƙarya. Wadda za ta iya cike wannan sashe ita ce wadda aka ambata a gefen shafin da fom ɗin ya hana ni gani.

5. Ranar 23 ga Mayu na ga sanarwa a allon ƙofa cewa duk rajistocin da aka gama ɗaukar hotonsu za a fitar da su a zubar ranar Juma'a, 28 ga Yuni, saboda ƙarancin wuri da danshi. Kundi na biyu na 1961 yana cikin jerin, lamba ta goma sha ɗaya. Na rubuta wa shugaban ɗakin bincike ranar 24 ga Mayu, har yau ban sami amsa ba.

Saboda haka nake roƙo, cikin ƙanƙan da kai, a cire wannan kundi daga jerin har sai an sake ɗaukar shafukansa da gefensu. Ina kyautata zaton ba shafina kaɗai aka yanke wa gefe ba, domin na lura ungozomar tana yawan rubutu a gefe. Ina kuma roƙon a yafe mini sashe na uku na Fom na 6, a ba ni minti goma da littafin a gaban duk jami'in da aka zaɓa. Idan doka ba ta yarda ba, ya wadatar wani ma'aikaci ya buɗe shafi na 212 ya kwafo mini layi ukun da suka rage. Ba sai na taɓa littafin ba.

Na san wataƙila ta rasu tuntuni, ko an kai ta wani gari da wani suna. Idan tana raye, shekarunta sittin da uku, ba ta san ta yi ɗan'uwa ba, ba ta san ya rasu ba. Ba zan dame ta da komai ba. Ina so ne in je in durƙusa in gaishe ta, in kira ta Gwaggo, kalmar da ban taɓa kiran kowa da ita ba.

Zan kasance a kujerar kusa da taga ranar Alhamis 6, da 13, da 20, da 27 ga wannan wata, daga ƙarfe biyu har a buga ƙararrawa.

Allah ya ƙara girma, ya taimake ka a kan aikinka.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Mai katin bincike na 0417,
'yar wanda ke layi na tara.