Kwalbar Kanitin Ta Raba Ɗana da Sahur

Zuwa ga Alhaji Sabo, mai gidan motsa jiki na unguwar Fegge, Anacha.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da barka da shan ruwa.

Ni ce Hajiya Rabi, mahaifiyar Nura, wanda ke ɗaga ƙarfe a gidanka. Ka san ni. Mahaifina da naka mota ɗaya suka shigo garin nan da aka dawo bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin man fetur ya buɗe kasuwa. Na aika maka a asirce ba ka zo ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Nura mai jiki ne tun yana goye, irin gidanmu ne. A zamanin iyayenmu, mai teɓa shi ake ba wuri a rumfa. Yau a gidanka ake yi masa dariya, har mai horar da masu ɗaga ƙarfe ya sayar masa da wani magani wai shi kanitin, ya ce yana narkar da kitse, yana ƙara ƙarfi.

Na biyu, kuma nan ne zafin. An ce masa a sha shi ciki babu komai, sannan a motsa jiki. Mai horarwar ba Musulmi ba ne, ban ga laifinsa ba don bai san azumi ba. Amma kai fa, Alhaji? Nura ya ɗauki maganar yadda aka faɗa. Da asuba sai ya sha maganin da ruwa, ya ture kwanon sahur. Ya wuni yana sauke kaya a rumfar kawunsa a babbar kasuwa, da la'asar kuma ya nufi gidanka wai ciki a wofi ya fi ƙona kitse. Ranar Juma'ar da ta wuce ya yanke jiki ya faɗi a bakin titi. Wani ɗan okada ne ya kawo mini shi, leɓɓansa a bushe.

Na uku. Maganin yana murɗa masa ciki, kuma jikinsa ya soma ƙarnin kifi. A sahun tarawihi wani ya matsa daga kusa da shi. Tun ranar a ɗaki yake salla. Likitan da ya duba shi ya ce jiki da kansa yana yin kanitin, akwai shi kuma a jan nama, ba ya narkar da teɓa kamar yadda ake zuzutawa. Wato naman da nake dafa masa yana turewa, abin da ke cikin naman ne yake nema a kwalba!

Ban ce ka rufe gidanka ba, motsa jiki alheri ne. Amma ka ji tsoron Allah. Ka hana sayar da maganin nan ba da shawarar likita ba, ka mayar da lokacin masu azumi bayan shan ruwa.

Roƙona na ƙarshe ya fi mini nauyi. Na kwashe kwalaben, amma har yau Nura bai taɓa kwanon sahur ba. Yana ganin ni ce ban waye ba. Maganarka yake ji, ba tawa ba. Ka zo gidanmu ka sha ruwa, ka zauna kusa da shi, ka ce masa da bakinka ya ci abinci.

Allah ya yi wa sana'arka albarka, ya shirya maka zuri'a, kada ya nuna maka ranar da ɗanka zai ture kwanon uwarsa.

Wassalam.

Hajiya Rabi,
Fegge, Anacha.