Jan Biro a Kan Waƙar Auta

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta bar min waƙa a ƙarƙashin kofin shayi, kamar kowace safiya. Shekararta ashirin da huɗu, ba saurayi, amma baiti goma sha biyu ta zuba wa "wanda zai zo". Wane ne shi? Ko takalminsa ba mu taɓa gani a ƙofa ba. Zuciya sau bakwai, farin wata sau uku. Shekara ashirin ina gyaran rubutun mutane a maɗaba'a, hannuna ba ya ganin irin wannan ya zauna lafiya. Na sa jan biro. Baiti huɗu suka tsira.

Talata, 4 ga Maris
Ta gani. "Umma, karantawa na ce ki yi, ba fiɗa ba." Na ce waƙa ba kuka ba ce, kuka ko akuya ta iya. Waƙa ita ce abin da ya rage bayan an share hawayen. Wai, "To ke me ya rage miki?" Ta suri jaka ta tafi shagon ɗinkinta. Marar kunya.

Juma'a, 7 ga Maris
Ba komai a ƙarƙashin kofi.

Lahadi, 9 ga Maris
Yaya ta zo da tsegumi. Wai yanzu mai kemis na bakin titi Auta ke karanta wa. Mutumin da iyakar karatunsa bayan kwalin magani! Wai idan ta gama sai ya ce, "Ƙara karantawa." Shi ke nan sharhinsa. Yaya ta ce, "Ke dai bakinki reza ne." Na ce reza ai gyara take yi. Ta ce, "Je ki tambayi wanda ta yanka."

Laraba, 12 ga Maris
Shafi arba'in na gyara yau, littafin kiwon kaji. A gida kuma gaisuwa, cin abinci, rufe ƙofa. Har ƙarar firiji nake ji.

Ina neman katin asibiti a akwatin ƙarfe na ci karo da tsohon littafin waƙoƙina. Zuciya sau tara a shafi ɗaya! Ni ɗin nan. Baban Auta bai taɓa taɓa min ko layi ba. Yana goge takalmi yana saurare, in na kai ƙarshe ya ce in koma farko. Tun da ya rasu ban rubuta komai ba, na wasu nake yanka.

Asabar, 15 ga Maris
Na rubuta baiti biyar, duk ba daɗi. Zuciya ta shigo sau biyu, na ƙyale ta. Na sa a ƙarƙashin kofinta, na ajiye jan biron a gefe, ta rama in tana so. Ba lallashi ba ne. Adalci ne kawai.

Da na fito daga wanka ta riga ta tafi. Takardar ba ta nan. Biron yana inda na bar shi, ko murfin ba a cire ba.

Na ɗaga kofina, har sau biyu. Ba komai tukuna. Gobe dai zan tashi da wuri, saboda wanki.